Yatsan da Na Ɗaga a Bayan Shinge

"Mami, in mutum bai ce komai ba, yatsa kawai ya ɗaga, shi ma ya yi ƙarya?"

Ɗigo ce ta jefo min wannan tambayar ranar Lahadi da hantsi, ina durƙushe a tsakiyar shago, allurai uku a bakina, ina kama wa wata mata gefen riga. Matar ta yi dariya ta ce yaran yanzu sai ka ce alƙalai. Gwaggo, da ke zaune a kujerarta ta roba a bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba. Saukar da tabarau ta yi zuwa ƙarshen hanci, ta dube ni ta samansa.

Na cire alluran na ce, "Je ki ɗauko min almakashi."

Almakashin kuwa yana rataye a wuyana tare da tef ɗin awo. Ɗigo ta kalle shi, ta kalle ni, ta juya ta shige cikin gida.

Jama'a, yau ba labarin daɗin baki na kawo muku ba, tonon asirin kaina zan yi. Ku da kuka daɗe kuna bin rubutuna kun san ni, tela ce, 'yata ɗaya. Waɗanda suka shigo yau, ga shi a taƙaice. Ɗigo shekararta takwas. Babanta ne ya sa mata sunan ranar da aka miƙo masa ita a asibiti, bakwaini, tafin hannunsa ya kusa rufe ta, ya ce wannan ai ɗigo ce. Ya rasu tana 'yar shekara huɗu, muka dawo gidan Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ita ta raine ni tun farko. Ya bar min yarinya da ciwon asma. Abin shaƙarta guda uku nake ajiyewa: ɗaya a jakar makaranta, ɗaya a aljihun keken ɗinki, ɗaya a jakar hannuna. Na hana ta gudu, na hana ta tsalle, har dariya in ta yi yawa sai in ce ta isa haka, don ina jin ƙirjin ya fara fito. Yarinya ta koma kamar 'yar tsana, inda ka ajiye ta nan za ka dawo ka same ta.

Wata malamar asibiti ce ta cece mu, wadda take sa wa Ɗigo na'urar numfashi duk ran da ciwon ya tashi. Ta ce min, ba tare da ta ɓoye ba, tsorona ya fi asmar yi wa yarinyar illa. Ta ce likita ma ya faɗa, motsa jiki take buƙata a hankali, kuma ita 'yarta tana zuwa filin tanis da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, in kawo Ɗigo a gwada.

Filin ba wani abin kallo ba ne. Jar ƙasa ce, da raga a tsakiya wadda aka yi wa faci da igiya kala uku, da shingen waya da ya karkace ta gefe ɗaya, da benci a ƙarƙashin bishiya. Sai wani ɗan ɗaki mai ƙofar kwano inda ake ajiye raket-raket, wato abin buga ƙwallon, da na'urar ɗaura musu zare. Mai wurin kuwa kowa Koci yake ce masa, har 'yan uwansa. Dogo ne, shekara talatin da takwas, hannunsa na dama ya fi na hagu kauri sai ka ce aro ya yi. Da safe yana koyar da motsa jiki a makarantar firamare, da la'asar yana fili da farin gajeren wando.

Tarihinsa duk garin an haddace. Babansa ne maigadin filin a zamanin da ma'aikatan jirgi ke wasa a wurin. Shi ke tsince musu ƙwallo, in sun tashi ya ɗauko wani katako da ya fafe da kansa ya yi ta dukan bango har magariba. Yana shekara sha tara aka ɗauke shi zuwa babban birni. Ya yi shekara shida yana buga wasa, ya je ƙasashe biyu, hotonsa na jarida har yau yana manne a shagon aski, ya yi jawur. Daga nan ya dawo gida. Kafaɗa ce ta samu matsala, in ji mutanen gari.

Wata goma Ɗigo ta yi a hannunsa. Bai taɓa ce min kada in damu ba. Tambayata ya yi yadda ƙarar numfashin take in ciwon zai tashi, ya rubuta a wani ɗan littafi, ya koya wa Ɗigo ta ɗaga raket sama in tana son hutu. Ranar da na fara jin ta tana ƙyalƙyala dariya a guje, na juya baya na yi kamar ina neman abu a jaka.

Yana da dokoki biyu. Ta farko, iyaye a bayan shinge suke, aikinsu tafi kawai. Ta biyu, babu alƙalin wasa. Kowace yarinya ita ke hukunta ƙwallon da ta faɗo a ɓangarenta: in waje ce ta ɗaga yatsa sama, in ciki ce ta shimfiɗa tafin hannu ƙasa. Ƙwallon da ta taɓa layi ko da bakin gashinta ne, ciki ce. In kuma ba ki tabbata ba, ciki ce. Kafin kowane wasa sai ya yayyafa wa filin ruwa, ya ja wani tsohon buhu a kai har ƙasar ta kwanta lumui, don duk inda ƙwallo ta sauka ta bar tabo. Fararen layukan kuma ba shi ke zana su ba. Wani abokinsa mai facin taya a bakin tasha, Mai Faci, shi ke zuwa duk Asabar da sassafe da bokitin farar ƙasa da igiya. Na sha mamakin wannan, ban tambaya ba.

Sai maganar da na san ita kuke jira. Wata biyu da suka wuce saƙo ya shigo wayata:

"Maman Ɗigo, ban iya zagaye-zagaye ba. Ina neman izinin zuwa gaishe da Gwaggo. In ba ki so, ki share saƙon nan, gobe ki kawo Ɗigo kamar kullum, ba abin da zai canja."

Ban share ba, ban kuma amsa ba. Na bar wayar a kan keke na je ɗora ruwa, kafin in dawo Gwaggo, wadda kullum take cewa ba ta ganin ƙananan rubutu, ta karanta shi tas har da ɗigon ƙarshe. Tun ranar ba ni da sakat. Ta ce ita ba za ta kai 'yar ƙaninta gidan namijin da ya doshi arba'in yana yawo da gwiwa a waje yana bin ƙwallo mai gashi ba. Ga Mai Kemis nan, shago biyu da mota, sau uku yana aiko da gaisuwa. Sunan Koci ma ba ta faɗa, "mai gajeren wandon nan" take cewa.

Ana cikin haka ya shirya 'yar gasa ta yara 'yan ƙasa da shekara goma. Su takwas ne, kofin kuwa bai fi na shan shayi girma ba. Kwana uku na yi ina ɗinka wa Ɗigo kayan ranar: farar riga mai tattara har gwiwa, na bi bakinta da shuɗin zare, da farin wando mai roba a idon sawu, da 'yar hula wadda na yi wa maɗauri don kada ta faɗi. Ni kuma na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi mai kauri. Ku riƙe maganar mayafin nan.

Abin da ban zata ba ya faru, Ɗigo ta kai wasan ƙarshe. Abokiyar karawarta ita ce 'yar malamar asibitin nan, wadda Koci ke kira Barewa saboda gudunta. Dokar ita ce wadda ta fara kai maki goma da tazarar biyu ta ci. Ina tsaye a kusurwar baya, na kama wayar shingen da hannu ɗaya. Aka kai tara da takwas, Ɗigo ce a gaba. A daidai nan kunnena ya kama abin da ba wanda ya ji a filin sai ni, wani ɗan siririn fito a ƙarshen numfashinta.

Barewa ta narko ƙwallo mai tsawo, ta wuce Ɗigo, ta sauka a kusurwar da nake tsaye, taku biyu daga ƙafata. Ni tela ce. Rabin inci ina gane shi daga ƙofar shago. Ƙwallon ta ciji bakin layi. Ciki ce.

Ɗigo ba ta gani ba, ta juya baya a lokacin. Sai ta waigo, ba ƙasa ta duba ba, ni ta duba. Ni kuma na ɗaga yatsa ɗaya a saitin ƙirjina, a gefen mayafi, inda ita kaɗai za ta gani.

Ta ɗaga nata.

Zan iya ce muku tsoron asma ne ya sa ni, kuma akwai shi. Amma da shi kaɗai ne, da bakina zan buɗe in ce a dakata ta huta. Gaskiyar ita ce ina so in ga marainiyata ta ci wani abu sau ɗaya a rayuwarta, kuma a wannan daƙiƙar ban damu da ko na wa zan ƙwato mata ba.

Barewa ta ɗan tsaya tana kallon kusurwar, sannan ta zo raga ta miƙa hannu. Mamanta ta rungume ni tana cewa kin gani ko, ba na gaya miki ba. Koci ya miƙa wa Ɗigo kofi, aka yi hoto. Muna fita na waiga, na hango shi a kusurwar nan yana kife wani tsohon kwanon roba a ƙasa, ya ɗora dutse a kai. Na ce wa kaina wataƙila tururuwa yake rufewa.

Da muka isa gida Ɗigo ta tura kofin ƙarƙashin gado. Washegari ta yi min tambayar da na buɗe muku da ita. Ranar Litinin da lokacin fili ya yi ta ce cikinta ke ciwo. Ranar Laraba na nemi raket ɗinta na rasa, sai can na gano shi a bayan durowar kaya, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Ta koma zaman da na sani a da, a ƙarƙashin teburin yanka, tana ware maɓallai kala-kala, ba magana, ba dariya. Yarinyar da aka yi wata goma ana fito min da ita tana komawa ciki a kan idona, kuma na san wa ya tura ta.

Gwaggo ta ce ai ga shi nan, dama ta faɗa. Wa ya san tsawar da mai gajeren wandon nan ya daka wa yarinya? Mutumin da bai taɓa haihuwa ba ina ya san zafin ɗa? Ta yi ta yi, safe da yamma, har da kiran ƙawarta a waya tana ba ta labari. Ni kuma ina kan keke ina taka shi da ƙarfi don ƙararsa ta rufe muryarta. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma a wurina bai fi na farko sauƙi ba.

Shi kuwa Koci kullum da safe saƙonsa ɗaya ne, irin wanda ya saba: "Yaya ƙirjin Ɗigo?" In rubuta "Da sauƙi," in kife wayar. Sai ranar Alhamis da azahar wani daban ya shigo:

"Maman Ɗigo, hadari yana haɗuwa. In ruwa ya sauka zai wanke wata ajiya da nake yi miki. In da hali ki zo da la'asar."

Sau uku na canja mayafi, kamar kalarsa ce za ta wanke ni. A hanya na tsara hujjojina tsaf: numfashinta, maraicinta, ai wasan yara ne, kofin roba ne.

Na same shi a kan benci yana naɗa wa wani raket sabon ƙyalle a mariƙi. Muka gaisa, ya tambayi Gwaggo. Sannan ya tashi ya nufi kusurwar, na bi shi, karo na farko da na taka cikin filin. Ya ɗauke dutsen, ya ɗaga kwanon. Tabon yana nan kamar yanzu aka yi shi, ɗan dogo kamar ƙwai, gefensa ɗaya ya ɓantare farar ƙasar layin. Duk hujjojina suka watse. Na buɗe baki zan fara, ya ce ba shari'a ya kira ni ba, labari zai ba ni, wanda mutum ɗaya ne kawai ya sani a garin nan.

Ya ce shekarar da aka ɗauke shi, wani mutum ne ya zo daga babban birni da gurbi ɗaya tak. Su biyu ne gwanaye a garin, shi da amininsa, kuma aminin ya fi shi hannu, kowa ya sani. Mutumin ya ce su kara, zai tafi da wanda ya ci, ya koma inuwa yana hira da shugaban tasha. A makin ƙarshe ƙwallon aminin ta sauka a kan layi, ya nuna min wurin, can ɗaya ɓangaren. Shi Koci ya ganta sarai. Ya ɗaga yatsa.

Ya ce shekara shidan da ya yi a birni, duk ƙwallon da ta zo kusa da layi sai hannunsa ya mutu. Wadda ta fita ƙarara ma sai ya bi ta ya buga, don ya daina yarda da idonsa. Masu horar da shi suka ce yana da hannu amma ba shi da zuciya. Kafaɗar ta yi ciwo da gaske, amma ba ita ta dawo da shi ba. Da ya dawo ma sai da ya ƙara shekara biyar yana canja hanya don kada ya bi ta bakin tasha, inda aminin nasa, da ya ajiye raket tun ranar, ya kafa rumfar facin taya.

Na ce, "Mai Faci?"

Ya gyaɗa kai. Ya ce ranar da ya gaji ya je ya same shi ya tsoma tiyub a baho yana neman inda iska ke fita. Ya tsaya a kansa ya faɗi komai. Mai Faci ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai ya gani tun ranar, jira yake ya ga yaushe zai gaji da dakon abin. Sannan ya miƙa masa famfo ya ce ya hura masa tayar can. Da Koci ya tambaye shi me zai yi ya biya, sai ya ce ya je ya nome ciyawar filin nan ya tara yara, amma layi shi zai riƙa zanawa, don ba a ba irinsu Koci amanar layi.

Na yi dariya hawaye na zuba. Shi ma ya murmusa, sannan ya ce:

"Ni yatsana na ɗaga, na san wanda zan zarga. Ɗigo naki ta ara. Ba ta san ko idonta za ta zarga ko mahaifiyarta ba, shi ya sa ta zargi raket. In kin ce in share tabon nan, yanzu zan sa ƙafa, kuma ba mai ji a bakina. Wanda ke wurinta ne ba ni da ƙafar share shi."

Na ce kada ya share. Na ciro waya na ɗauki hoton tabon. Iska ta fara kaɗa ragar. Har na kai ƙofar shinge, wata tambaya ta ƙi barina, na yi ta ba tare da na juyo ba. Na ce wancan saƙon fa, na wata biyu, yanzu da ya ga irin wadda nake.

"Yana nan yadda yake," in ji shi. "Wanda ya yi shekara sha ɗaya kafin ya faɗi tasa ba zai raina mai kwana biyar ba."

Ruwa ya kama ni a hanya. Na shiga shago a jiƙe jagab, na tarar da Ɗigo a ƙarƙashin teburin yanka da gwangwanin maɓallai. Ban tsaya canja kaya ba, na rarrafa na shiga wurinta, kaina yana bugun katako.

Na ce, "Tambayar da kika yi min ranar Lahadi. E, ya yi ƙarya. Ni ce na yi. Ƙwallon Barewa ciki ce, na gani, na ce miki waje."

Ta daɗe tana juya wani jan maɓalli. Sannan ta ce, "Na ga tabon, Mami, da na je ɗauko ƙwallo. Na ɗauka idona ne ya lalace, tunda ke ba kya ƙarya."

Ban san tsawon lokacin da na yi ina riƙe da ita ba. Da na ɗago, ƙafafun Gwaggo na gani a bakin ƙofa, cikin silifas ɗinta. Suka ɗan tsaya, suka juya.

Ranar Juma'a na je asibiti wurin Maman Barewa. Na zaci wannan ce mai sauƙin, ashe ita ce mai ɗacin. Ta saurare ni har ƙarshe tana naɗe bandeji, fuskarta ba yabo ba fallasa. Sannan ta ce ranar gasar Barewa ta yi ta kuka a gida tana cewa ƙwallonta ciki ce, ita kuma ta yi mata faɗa sosai, ta ce ba ta iya faɗuwa ba, har ta hana ta kallo kwana biyu. Ashe yatsana bai tsaya a kan 'yata ba, ya sa wata uwar ta ƙaryata 'yarta mai gaskiya. Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba. Da yamma na je gidansu, na durƙusa a gaban yarinya 'yar shekara tara na ce ta yafe min. Barewa ta dubi mamanta, ta dube ni, ta tambaya ko yanzu kofin nata ne. Mamanta ta kasa riƙe dariya, kuma a dariyar nan na samu na numfasa. Matar nan sau biyu ke nan tana yi min abin da ban cancanta ba.

Koci ya ce kofin ba na kowa ba ne tukuna. Wasan tara da tara yake, daga nan za a ci gaba ranar Asabar.

Da safiyar Asabar ina ɗaura wa Ɗigo hula sai ga Gwaggo ta fito da babban mayafinta na zuwa unguwa, kujerar roba a hannu. Ta ce za ta je ta ga wurin da ake wahalar mata da jika. Mun tarar Mai Faci yana kan aikin layi, gajere mai tumbi, ya ja igiya yana bin ta da buroshi. Ya gaishe da Gwaggo har ƙasa, ya ce ta matsa da kujerar kada farar ƙasa ta ɓata mata zane, don shi layinsa ba ya karkata saboda manya.

Aka fara. Na tsaya nesa da kusurwa, na naɗe hannuwana biyu cikin mayafi. Maki na farko, kamar da gangan, ƙwallon Barewa ta sake sauka kusa da layin baya. Ɗigo ba ta waigo ba. Ta taka ta je, ta sunkuya ta dubi ƙasa, ta miƙe, ta ɗaga yatsa sama. Barewa ta zagayo raga ta leƙa, ta ga tabon ya bar layi da faɗin yatsa biyu, ta gyaɗa kai ta koma. Waje ce da gaske, kuma 'yata da idonta ta gani.

Daga nan Barewa ta ci uku a jere, wasa ya tashi sha biyu da goma. Ɗigo da kanta ta ciro kofin daga jakata ta miƙa mata. Ta zo benci ta shaƙi maganinta sau biyu ba tare da na ce komai ba, sannan ta tambayi Koci ko ranar Litinin zai koya mata bugun baya, don ta nan Barewa ke cin ta.

Ina tattara kaya na ji muryar Gwaggo. "Kai, mai gajeren wando. Zo nan."

Ya zo ya rusuna, hular a hannu. Ta dube shi ta saman tabarau tun daga kai har gwiwar da take ƙorafi a kai.

"Kwana biyar ina zaginka a kan laifin da ba naka ba, kuma ka san mai shi ka yi shiru. Ni ban iya ba yaro haƙuri ba. Ka zo ka gaishe ni ranar Juma'a. Da dogon wando."

Mai Faci ya ajiye bokiti ya ce a nan fa ake yin ta, don dogon wandon Koci guda ɗaya ne, kuma tun zamanin da jirgi ke tsayawa a tashar nan aka ɗinka shi. Jiya da yamma Mai Faci ya kawo min wandon a leda don in ɗauki awo, tare da yadi ruwan ƙasa da ya ce shi ya zaɓa, kada a bar wa Koci zaɓin ya sayo fari. Yanzu haka yadin yana kan teburina na yi masa alama da alli. Ɗigo ce ta riƙe min bakin tef.

Saƙon wata biyun nan kuma na amsa shi. Kalma uku na rubuta: "Ban share ba." Gwaggo dai ta ce gaisuwa ta ce a zo, ba ta ce ta bayar ba, kuma tana da tambayoyi uku da za ta yi masa, ta ƙi gaya min ko ɗaya. Jiya na ji ta tana maimaita su ƙasa-ƙasa a ɗaki, da na matso ta yi tari.

Ko me Juma'a ta zo da shi, ni dai na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka ga aibina ba su yayata ba, ba su kuma taya ni binne shi ba. Wani ya kife kwano a kan tabo ya jira ni kwana biyar.

Ke kuma 'yar uwa mai karatu, mai ɗa ko 'ya, ki ji ni da kyau. Akwai ranar da yaronki zai rasa tabbas, ya waigo ya dube ki kafin ya dubi ƙasa. Abin da kika nuna masa a wannan daƙiƙar zai ɗauka ya fi abin da idonsa ya gani gaskiya. Ki riƙe hannunki. Ni na samu wanda ya ajiye min tabon kafin ruwa ya sauka, ke ba ki da tabbacin za ki samu.